Shin Ko Kun San? Hasumiyar Iskandariyya, Jagorar Jiragen Ruwa

Shin ko kun san cewa a cikin gine-gine bakwai da mutanen dā suka lissafa a matsayin abubuwan al'ajabi na duniya, guda ɗaya tak aka gina domin ceton rayuka? Ku ƙirga da kanku. Biyu kaburburan sarakuna ne, wato babbar dalar Giza da kushewar Sarki Mausolus. Biyu gumaka ne, ɗaya ɗakin bauta, ɗaya kuma lambun shaƙatawa a Babila. Cikon na bakwai ita ce hasumiyar Iskandariyya ta ƙasar Masar, wadda aikinta dare da rana shi ne nuna wa jiragen ruwa hanyar shiga tasha, kada su afka wa duwatsu. Ta shekara fiye da 1,500 a tsaye. Ni dai wannan daɗewa ta fi tsayinta burge ni, domin ba ƙarfin dutse kaɗai ya riƙe ta ba. Duk wanda ya karɓi ragamar birnin, Bagirke ne ko Barume ko Musulmi, sai ya ɗauki gyaranta tamkar bashi a wuyansa.

Ko kun san abin da ya tilasta gina ta? Gaɓar tekun Masar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsauni babu tudun da matuƙin jirgi zai hango daga nesa ya ce ga gida can. Ga kuma duwatsu a ɓoye ƙarƙashin ruwa, daidai bakin mashigar tashar. Iskandar Mai Girma ya kafa birnin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kafin a ankara ya zama babbar kasuwar Bahar Rum. Daga nan ake lodin alkamar Masar da takardar da ake yi da ciyawar bakin Nilu, a kai ƙasashen ƙetare. Birnin da cinsa da shansa suka dogara ga jirgin ruwa ba zai zura ido jirage suna farfashewa a ƙofar gidansa ba.

A kan wani ɗan tsibiri mai suna Faros aka gina ta. Amma kun san wanda ya je yau ba zai ga tsibiri ba? Mutanen farko sun cike teku, suka yi hanya mai tsawon kusan mita 1,200 daga birni zuwa tsibirin, hanyar ta raba ruwan gida biyu, tashar gabas da tashar yamma. Shekara da shekaru yashi da laka suna taruwa a gefenta har ta zama ƙasa sosai. A yanzu unguwanni ne cunkus a kai, da gidaje da kasuwanni, mutum zai ratsa da mota bai san cewa a dā teku ne ba.

Sarki Tolemi na Ɗaya, wanda littattafan Larabci ke kira Baɗlimus, shi ya fara aikin. Ɗaya ne daga cikin kwamandojin Iskandar, kuma shi ya gaji Masar bayan rasuwar maigidansa. Bai ga ƙarshen ginin ba, sai a zamanin ɗansa Tolemi na Biyu aka kammala, wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa. Marubucin nan na Rum, Pliny, ya ce ta ci talenti 800. Idan aka auna da talentin azurfa mai nauyin kusan kilo 26, an zuba azurfar da ta haura tan 20 ke nan.

Shin kun taɓa jin labarin sunan da aka ɓoye a ƙarƙashin yaɓe? Mutumin da ake danganta ginin da shi sunansa Sostaratus, daga garin Kinidus da ke gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau. Wani marubuci mai suna Lucian, wanda ya rayu ƙarni huɗu bayan haka, ya ba da labarin cewa Sostaratus ya sassaƙa sunansa a jikin dutse, ya bi da yaɓe ya rufe, sannan ya rubuta sunan sarki a kan yaɓen. Ya san ruwa da iska za su cinye yaɓe, dutse kuwa yana nan. Labari ne mai daɗin ji, sai dai Pliny ya faɗi akasin haka: sarki ne da kansa ya yarje masa ya sa sunansa, kuma an yaba wa sarkin a kan wannan karamci. Maganar Pliny ta fi kwanta mini. Aikin da ya ɗauki shekaru, da ɗaruruwan magina da masu sassaƙa suna hawa suna sauka, da wuya a ce an ɓoye wa fada irin wannan abu.

Hasumiyar hawa uku gare ta, kowanne da siffarsa. Na ƙasa mai kusurwa huɗu ne, faɗin kowane gefe kusan mita 30, kuma shi kaɗai ya ɗauke fiye da rabin tsayin. Na tsakiya kusurwa takwas gare shi. Na sama kewayayye ne, a can wuta take, bisa kansa kuma akwai mutum-mutumi, wasu masana su ce na Zeyus ne, wasu su ce na Fosaidon, wanda Girkawa suka ɗauka ubangijin teku ne. Tsayinta duka ya haura mita 100. In kuna son ku kwatanta, ku ɗora hasumiyar Gobarau ta Katsina sau bakwai, wata bisa wata. A duniyar wancan zamani manyan dalolin Masar ne kaɗai suka kere ta. Da farin dutse aka yi gangar jikinta, manyan ƙofofi da ginshiƙai kuwa da jan dutsen Aswan, wanda ake saukowa da shi ta kogin Nilu tafiyar fiye da kilomita 800. Masanin labarin ƙasa al-Idrisi, a littafin da ya kammala a 1154, ya ce da narkakkiyar dalma aka ɗaure duwatsun, don kada igiyar ruwa ta raba su.

To, daga ina ake hango wutar? Josephus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya ba da nisan da ya kai kusan kilomita 55. Ibn Jubair kuwa, matafiyi daga Andalus, ya ce fiye da mil 70. A nan lissafi yana raba gardama. Da yake duniya ƙwallo ce, wanda ya tsaya a tsayin mita 110 iyakar ganinsa a kan teku ba ta wuce kilomita 37 zuwa 40 ba. Idan ma'aikacin jirgi ya hau ƙololuwar jigon jirginsa, za a ƙara kamar kilomita 15. An tashi da hamsin da 'yan kai. Maganar Josephus ta hau daidai, ta Ibn Jubair kuwa ta mutumin da mamaki ya cika wa ciki ce.

Kun san kuwa wutar da kanta tana iya ruɗar da matuƙi? Pliny ya lura cewa wutar da ke ci ba ƙyaftawa, idan aka hango ta daga nesa ƙasa-ƙasa da sararin sama, sai a zaci tauraro ne. Ga mai bin taurari da dare wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Sai da aka yi ƙarnoni kafin a magance matsalar. Hasumiyoyin yanzu kowacce da salon ƙyaftawarta, wata ta haska sau biyu ta ɗauke, wata sau uku, kuma an rubuta salon kowacce a taswirar teku, da matuƙi ya ƙirga ya san inda yake. Gilashin da ke tattara haske ya harba shi nesa kuwa wani Bafaranshe ne, Augustin Fresnel, ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823.

Batun madubi fa? Marubutan Larabawa da dama sun ambaci wani ƙaton madubi a samanta. Wasu sun ce ana hango jiragen abokan gaba a cikinsa tun suna nesa, wasu suka ƙara gishiri suka ce yana tattara zafin rana ya ƙone jirgi a tsakiyar teku. Marubucin tarihi al-Mas'udi ya kawo hikayar wani ɗan leƙen asirin Rumawa da ya shiga jikin Halifa Walid ɗan Abdulmalik, ya nuna ya musulunta, ya rinjaye shi cewa dukiyar Iskandar tana binne ƙarƙashin hasumiyar. Aka hau rusau, sai da aka sauke sama aka fasa madubi sannan aka farga, mutumin kuwa ya riga ya tsere ta teku. Hikaya ce, kuma ƙone jirgi da madubi daga irin wannan nisa ba abu ne mai yiwuwa ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne gogaggen faifan tagulla mai mayar da haske. Amma hikayar ta nuna yadda mutanen birnin suka ɗauki hasumiyarsu: idon gari ce, wanda duk ya taɓa ta ya makantar da su.

Ga wasu labarai a gurguje. A tsibirin Faros ɗin nan ne, bisa ruwayar Yahudawan Iskandariyya, malamai 72 suka zauna suka mayar da Attaura harshen Girkanci a zamanin Tolemi na Biyu. A shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuliyas Kaisar ya sa sojojinsa sun kame hasumiyar, don ya gane cewa mai riƙe da ita shi ke da ikon shiga da fita. A wani gumurzu da aka yi daga baya a kan hanyar tsibirin, sai da ya faɗa ruwa ya yi iyo ya tsira da ransa, an ce yana ɗaga takardunsa sama da hannu ɗaya. Jerin farko na abubuwan al'ajabi ma babu hasumiyar a ciki, ganuwar Babila ce a gurbinta, daga baya aka sa ta. Sarakunan Rum sun riƙa buga hotonta a jikin kuɗin Iskandariyya. Kuma a ranar 21 ga Yuli na shekara ta 365, da teku ya yi ambaliya bayan wata girgizar ƙasa ya hallaka dubban mutane a birnin, hasumiyar ba ta faɗi ba.

Shin ko kun san cewa mafi yawan abin da duniya ta sani game da cikin wannan gini daga alƙalamin Musulmi ya fito? Girkawa da Rumawa sun yabe ta, amma ba su bar mana awo ba. Bayan Amru ɗan Asi ya karɓi birnin wajen 642, hasumiyar ta ci gaba da aiki kusan shekara 700 a hannun Musulmi, kuma ba su yi wasa da ita ba. An zuba masu gadi da ke kunna wuta su sanar da gari idan sun hango jiragen yaƙi. Ahmad ɗan Ɗulun, wanda ya mulki Masar daga 868 zuwa 884, ya ɗora mata ƙubbar katako a inda samanta ya rushe. A watan Azumi na shekarar Hijira ta 344, wato farkon 956, girgizar ƙasa ta sauke kusan kamu 30 daga ƙololuwarta. Al-Mas'udi yana Masar a lokacin, shi ya rubuta. Aka sake gyarawa. Da Ibn Jubair ya zo daga Andalus a 1183 kan hanyarsa ta aikin Hajji, masallaci ya tarar a can sama, ya hau ya yi salla a ciki. Sarki Zahir Baibars ma ya yi mata gyara a shekarun 1270. Inda mutum-mutumi yake a dā, nan aka koma fuskantar alƙibla, amma aikin haska wa matafiya hanya bai canza ba.

Wanda ya fi kowa cancantar godiya a nan shi ne Yusuf ɗan Shaihu al-Balawi, malami kuma masanin gini daga Malaga ta Andalus. Ya zauna a Iskandariyya wajen 1165 zuwa 1166 yana neman ilimi. Maimakon ya tsaya daga ƙasa yana ta'ajjubi, sai ya ɗauki takarda da tawada da igiya ya nufi tsibirin. Ƙofar shiga ba a ƙasa take ba, tana can sama, sai an bi wata doguwar hanya mai hawa da ke kan ginin baka guda 16, kowanne ya fi na bayansa tsayi. Da ya shiga, babu matakala a hawan farko. Hanya ce ke kewaya cikin ginin tana tashi sannu a hankali, mai faɗin da mahaya biyu za su gifta juna, shi ya sa masana ke ganin da dabbobi ake kai makamashi sama. Dama da hagu ɗakuna ne birjik, yana tafe yana leƙawa yana ƙirgawa. Da ya kai ƙarshen kowane hawa sai ya ɗaura dutse a bakin igiya ya zura har ya taɓa ƙasa, ya jawo ya auna ya rubuta. Duk ya zuba wannan a littafinsa Alif Ba, wanda ya tsara domin karantar da ɗansa. Turawa ba su farga da wannan awo ba sai a 1933, da wani malamin Sifaniya, Asín Palacios, ya fito da shi. Duk zanen hasumiyar da za ku gani a yau mai ƙamshin gaskiya, akwai igiyar al-Balawi a cikinsa.

Kun san har ranar biki gare ta? Marubucin tarihi al-Maƙrizi ya kawo labarin wata Alhamis a shekara da ake kira Alhamis ɗin adas. Ran nan mutanen gari kan fito ƙwansu da kwarkwatarsu su nufi hasumiya, kowane gida da ƙunshin abincinsa, kuma dole a samu adas a ciki, wato ɗan ƙaramin waken nan da Misirawa ke miya da shi. Sai a buɗe ƙofa kowa ya shiga. Wasu su yi salla, wasu zikiri, wasu su sha hira da wasa, har rana ta take sannan a watse. Daga wannan rana ake tsananta gadin teku, domin lokacin da jiragen yaƙi ke iya tasowa ya kama.

Ga wadda za ta taɓa zuciyar duk wanda ya tashi yana jin Burda da Hamziyya a zaure ko a wurin Maulidi. Mai waɗannan ƙasidu, Imam Busiri, almajirin Shaihu Abul Abbas al-Mursi ne, wanda ya zauna a Iskandariyya har ya rasu a 1287. Dukansu biyu sun rayu hasumiyar tana tsaye tana aiki. Masallacin al-Mursi da masallacin da ake danganta kabarin Busiri da shi suna maƙwabtaka da juna a unguwar Anfushi, tafiyar ƙafa ce daga nan zuwa inda hasumiyar take.

Abin da ya karya ta shi ne girgizar ƙasar 8 ga Agusta, 1303, wadda ta taso daga wajen tsibirin Kirit. Ta rusa gine-gine har a Alƙahira, teku kuma ya yi tsalle ya watso jirage kan tudu a Iskandariyya. An yi ƙoƙarin gyara, sai wata girgizar ta biyo baya a 1323. Matafiyi Ibn Baɗɗuɗa ya gan ta sau biyu, kuma a tsakanin ganin nan biyu ne ta mutu. A 1326, yana saurayi kan hanyar Makka, ya tarar gefe ɗaya ya zube, amma ya shiga. Ya ce akwai wani gini daura da ƙofar, an gitta katakai tsakaninsu, da an janye katakan babu mai iya shiga. Ya ga mazaunin mai gadi daga ciki, ya auna kaurin bango taƙi 10, faɗin kowane gefe taƙi 140. Ku lissafa taƙi 140, za ku samu kusan mita 30, daidai da awon al-Balawi na shekara 160 kafin nan. Da ya dawo a 1349, ko kusa da ƙofar ba ya iya hawa. Ya ce Sarki Nasir Muhammad ya fara gina wata irinta a kusa, mutuwa ta yanke masa hanzari. Wannan Sarki Nasir shi ne ya karɓi baƙuncin Mansa Musa a Alƙahira a 1324. Shi kuwa Ibn Baɗɗuɗa, shekara huɗu bayan ganinsa na biyu yana Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, inda ya rubuta cewa ana kai tagullar garin Gobir da Barno.

Gyaran hasumiyar dai ya tsaya, kuma ba don an daina ƙaunarta ba. Annobar da ta shigo ta tashar Iskandariyya a 1347 ta cinye jama'a da magina da kuɗin shiga. A watan Oktoba na 1365 kuma Sarkin Ƙubrus, Bitrus na Ɗaya, ya faɗo wa birnin da jirage, ya yi kwanaki yana kisa da ganima. Daga nan hankalin masu mulki ya koma kan tsaro.

Shin ko kun san cewa wanda ya gina sansani a kan kufanta bawa ne da aka saya dinari 50? Shi ne Sarki Ashraf Ƙaitbai, Bacarkase, wanda ya hau gadon Masar a 1468 ya yi mulki har 1496. Da ya ga ƙarfin Turkawan Usmaniyya yana ƙaruwa bayan sun ci Ƙusɗanɗiniyya a 1453, sai ya zo Iskandariyya a 1477 ya ba da umarnin a gina sansanin tsaro a kan harsashin hasumiyar, aka yi amfani da duwatsunta, aka gama cikin shekara biyu. Shi ne kuma ya sake gina Masallacin Annabi (SAW) a Madina bayan gobarar 1481. Don ku gane zamanin, Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano a lokacin, kuma a Masar ɗin Ƙaitbai ne Imam Suyuɗi yake zaune sa'ad da ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha.

Sansanin ma ya sha nasa. Sarki Ƙansuh al-Guri ya sa an sassaƙa doka a allon marmara a bakin ƙofa a 1501, cewa duk wanda ya fitar da makami ko albarushi daga ciki hukuncinsa kisa. Turkawa suka karɓa a 1517, sojojin Nafoliyon suka shiga a 1798, Muhammad Ali ya sabunta ganuwarsa. Ranar 11 ga Yuli, 1882, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Iskandariyya ruwan wuta a lokacin boren Ahmad Urabi, suka ragargaza bangayensa na wajen teku. Da wannan hari mamayar Ingila a Masar ta fara. Ginin da ake gani a yau ya sha gyare-gyare, mafi girma a 1984.

Sauran hasumiyar fa, ina ya tafi? Yana nan kwance a gindin sansanin, cikin ruwan da zurfinsa bai wuce mita 6 zuwa 8 ba. Wani Bamisire mai nutso, Kamil Abus Sa'adat, shi ya fara jan hankalin hukuma a 1961, har sojojin ruwa suka ciro wani ƙaton mutum-mutumin mace a shekarar da ta biyo. A 1968 UNESCO ta turo Honor Frost, 'yar Ingila, ta duba ta tabbatar. Sai aka yi shiru. A farkon shekarun 1990 aka fara jibga tubalan kankare a wurin don kare sansanin daga igiyar ruwa, ashe a kan kayan tarihi ake jibga su. Wata mai shirya fina-finai, Asma al-Bakri, ita ta ɗaga murya har aka dakatar. A 1994 Jean-Yves Empereur da tawagarsa suka fara nutso, suka lissafa dubban duwatsu: ginshiƙai, gumakan zaki mai kan mutum, da dogayen duwatsu masu rubutun Fir'aunoni irin su Seti na Ɗaya da Ramsis na Biyu, waɗanda suka girmi hasumiyar da shekara dubu, an kwaso su ne daga tsohon birnin Ainu Shams don ƙawata sabon birni. Wasu ginshiƙan kuma da gangan aka zuba su a zamanin Salahuddin, don a toshe wa jiragen 'yan Salibiyya hanya. Ƙaton mutum-mutumin Tolemi da aka ciro a 1995 yana tsaye yanzu a gaban sabon Ɗakin Karatu na Iskandariyya. A 2025 kuma wata tawaga ƙarƙashin Isabelle Hairy ta ɗago manyan duwatsu 22, ciki har da dogaran ƙofa masu nauyin tan 70 zuwa 80, domin a ɗauki siffarsu a sake harhaɗa ginin a kwamfuta.

Mai son ganin kamanninta da idonsa ya nufi Abusir, kusan kilomita 45 yamma da birnin. Akwai wata 'yar hasumiya ta zamanin Tolemi da ba ta kai mita 20 ba, ita ma kusurwa huɗu, sai takwas, sai kewayayye. Wani Bajamushe, Hermann Thiersch, ya dogara da ita da tsofaffin kuɗi ya zana hasumiyar a 1909, har ya ce daga gare ta hasumiyoyin masallatan Masar suka samo tsarinsu. Masanin gine-ginen Musulunci Creswell bai yarda da shi ba, ya ce tsarin nasu a hankali ya samu ta wata hanya dabam. Cikin 'yan'uwanta na zamanin Rumawa, wadda ta rage tana aiki har gobe ita ce Hasumiyar Hakilu da ke La Koruna a Sifaniya, mai tsayin mita 55. A Iskandariyya kuwa, wadda ta gaji aikin ita ce ta Ra'asut Tin, da aka gina a zamanin Muhammad Ali, a ɗaya gefen tsohon tsibirin. Hoton tsohuwar har yau shi ne a tutar lardin da tambarin Jami'ar Iskandariyya.

Ɗalibanmu na Azhar, da masu zuwa Masar neman magani ko sarin kaya, da yawa sukan ƙare zamansu ba su wuce Alƙahira ba, alhali tafiyar kusan kilomita 220 ce, awa biyu da rabi zuwa uku a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. In Allah ya kai ku, ku bi titin bakin teku har Anfushi, ku yi salla a masallacin al-Mursi, ku wuce masu gyaran kwale-kwale da masu tallan kifi, sansanin yana can ƙarshen hanya. Kafin ku shiga babban ginin tsakiya, ku tsaya a ƙofa ku duba: bangon duk farin dutse ne, amma dogaran ƙofar da kanta manyan jajayen duwatsu ne, waɗanda ake kyautata zaton daga jikin hasumiyar aka ciro su. Ku shiga ƙaramin masallacin da ke ciki, sannan ku hau sama ku leƙa ruwan da ke gefen gabas, nan duwatsun suke kwance. In da hali ku je tsakanin Afrilu da Oktoba, domin da hunturu akwai guguwar teku da masuntan garin ke kira nawwa, kowacce da sunanta da lokacinta, kuma idan ta taso igiyar ruwa har kan hanyar sansanin take watsowa.